Maganin Maƙoƙo da Hantar Tsoho

Ƙwayoyi iri biyu ake bai wa wanda maƙoƙonsa ke aiki fiye da kima: carbimazole, wanda asibitocin Nijeriya suka fi rubutawa, da propylthiouracil, wanda likitoci ke kira PTU. Aikinsu rage sinadarin da ke haddasa bugun zuciya, karkarwar hannu, yawan gumi da rama duk da cin abinci. Dukansu suna iya taɓa hanta. PTU kan lalata naman hantar, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka buga masa gargaɗi mafi tsanani a 2010. Carbimazole ya fi hana ruwan maɗaciya gudana. Mutane kaɗan abin ke samu, galibi a watannin farko na shan maganin.

Tsoho kuwa hantarsa ta riga ta sha aiki. Ga maganin hawan jini, ga na suga, ga farasitamol na ciwon gwiwa safe da yamma, wani ma yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B bai sani ba.

Waɗanda suka girma kafin a fara sa aidin a gishiri sun san maƙoƙo a matsayin kumburin wuya da ake tsufa da shi a ƙauye. Sun kuma san shawara: ido ya yi rawaya, a jiƙa sassaƙe a sha. Nan matsalar take. A Kubwa ta Abuja, inda kemis ke kusan kowane layi, ɗa kan ɗauki hoton tsohuwar takardar likita a waya, ya yi ta sayo wa mahaifinsa ƙwaya wata da watanni, babu komawa asibiti, babu gwajin jini. Shi a ganinsa biyayya yake yi! Ranar da idon Baba ya canza, sai kowa ya ce shawara ce, a ɗora jiƙo a kan ƙwayar da ta jawo ta.

Rawayar ido, fitsari ja, bayan gida fari, ƙaiƙayin jiki, tashin zuciya, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama: ko ɗaya ya bayyana, a ajiye ƙwayar, a tafi Babban Asibitin Kubwa a ranar, da kwalin maganin a hannu. In abin ya yi nauyi akwai Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ma haka, domin maganin kan rage fararen ƙwayoyin jini.

Sai dai wanda tsoro ya sa ya watsar da magani babu wata alama, shi ma ya yi wauta. Maƙoƙon da aka bari yana rikita bugun zuciyar tsoho, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, kuma shi kansa yana taɓa hanta. Dalilin gwada hanta tun kafin ƙwayar farko ke nan. Wanda hantarsa ta ƙi maganin, likita kan duba masa tiyata ko aidin mai ƙona maƙoƙon.