Ɗoki Ne Ko Fargaba?

Ni Bayarabiya ce, a aji na koyi Hausa. Duk ranar jarrabawar baka sai gabana ya faɗi, har na taɓa tunanin barin fannin. Wata rana ina kallon fim ɗin Turkiyya na tsinci kalmar “heyecan”, wadda ake furtawa “heyejan”, asalinta kuwa Larabci ne. Baturke kan ce “heyecanlıyım” idan yana ɗokin aurensa, haka kuma zai ce idan yana fargabar jarrabawa. Bahaushe ya raba ɗoki da fargaba, Baturke ya haɗe su, ya bar wa mai sauraro ya tantance. Da na duba, ashe bugun zuciyar ɗaya ne. Yanzu idan malam ya kira sunana, nakan ce wa kaina ɗoki ne, in miƙe.