Kasuwar Katako Ta Jos Da Falankin Da Ke Tsoron Ruwa

Baƙon da ya sauka Jos ya nufi Kasuwar Katako ba ya bukatar ɗan jagora, domin ƙarar injin zarto da ƙamshin itace ne za su fara yi masa maraba. A da, abin da ake jibgewa a nan madaci ne da loko da sauran itatuwan kurmi. Yanzu kuwa, a gefensu an jingine waɗansu falankai masu santsi, faɗinsu ƙafa 4, tsawonsu ƙafa 8, waɗanda kafintoci ke kira MDF.

A masana'anta ake yin wannan falanki: a niƙe itace har ya zama kamar auduga, a cuɗa shi da gam, a danne da zafi. A Amurka aka fara yinsa don sayarwa, cikin shekarun 1960. Fuskokinsa biyu sun sha matsa, saboda haka fenti na kwantawa a kansu sumul. Amma duk inda zarto ya bi, bakin a buɗe yake, yana shanye fenti kamar yadda rairayi ke shanye ruwa. A shafa sau uku, ya bushe da kaushi, sai ka ce ba a taɓa shi ba.

To, Jos ba ta yafe wa irin wannan sakaci. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, damina kuma tana kamawa tun Afrilu har Oktoba. Laima na shiga ta bakin da aka bari a buɗe, falanki ya kumbura, in kuwa ya kumbura ba ya komawa, ko da hunturun Disamba ya zo da bushewarsa. Uban da ya shekara yana tara kuɗi ya yi wa 'yarsa kabad na kayan ɗaki, shi ne zai kwana a ciki, ranar da ƙofar kabad ta ƙi rufuwa a gaban dangin miji.

Kafintan da ya san aikinsa yakan goge bakin da samfefa mai laushi, ya tsinka farin gam da ruwa kaɗan, ya shafa da buroshi, ya jira ya bushe sarai. Sa'an nan ya sake gogewa, ya ƙara shafi na biyu, kana a ɗauko fenti. Ruwan ba a cika shi, don shi kansa yana tayar da gashin falankin. Waɗansu sun fi son liƙa siririn tef a baki. Aikin bai da tsada, lokaci kawai yake ci, shi ya sa mai gaggawa ke tsallake shi.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga maginan Hausa. A harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya. Masu irin wannan gini sun daɗe suna yin yaɓe da makuba ta ɗorawa don hana ruwa hanya.

Masu sayen kayan ɗaki da suka taɓa ƙonewa ba su tsayawa kallon ƙyallin fuska. Sai su durƙusa su zura hannu ƙarƙashin kabad, wajen da ruwan goge daɓe ke taɓawa, su shafa bakin falankin da yatsa. In suka ji kaushi, sai su miƙe su nufi rumfa ta gaba.