Gudun sanyi: Me za ku auna kafin ku bar dangi?

Hunturu ya kankama, kuma kamar kowace shekara, tambaya guda ta fara yawaita a wasiƙunku da kuma bakin kantar shagon maganin da nake aiki a nan Kubwa: wanda jikinsa ba ya shiri da sanyi, ya dace ya tattara ya koma gari mai ɗumi ko da zai yi nisa da dangi? Akasarin masu tambayar iyayen yara masu sikila ne ko masu asma, daga Jos da Zariya da Kano, sai kuma dattawa 'yan fansho masu fama da ciwon gwiwa. Wannan tambaya ta taɓa kwana a gidana, don haka yau zan haɗa muku abin da na karanta da abin da na gani da idona.

Ni haifaffiyar Jos ce. A can na yi karatun harhaɗa magunguna, a can aka ɗaura mini aure. Maigidana yana da sikila, wato SS ne, ni kuma AA. Da saninmu muka yi aure, domin gwaji ya nuna mana 'ya'yanmu AS za su zo, ciwon ba zai kama su ba. Shekara biyar da suka wuce wurin aikinsa suka ba shi zaɓi, ko ya ci gaba da zama a Jos ko ya koma ofishinsu na Abuja. Albashin ɗaya ne. Sanyi kaɗai ya sa muka tsaya tunani.

Bari in fara da yadda sanyi ke tayar da ciwon, don a san ba camfi ba ne. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne masu laushi, sukan yi kimanin kwana 120 suna aiki. Na mai sikila kan lanƙwashe kamar lauje idan iskar oksijin ta yi musu ƙaranci, su yi tauri, kuma ba sa wuce kwana 10 zuwa 20. Idan sanyi ya bugi fata, ƙananan jijiyoyin jini sukan tsuke don jiki ya adana ɗuminsa. Hanya ta ƙuntata, gudun jini ya ragu, lanƙwasassun ƙwayoyin su cushe, sai ƙashi ya ɗauki raɗaɗin da mai shi kaɗai ya san girmansa. Wani bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2005 ya gano cewa masu sikila sun fi zuwa asibiti da ciwo a ranakun da iska ke kaɗawa da ƙarfi kuma gari ya bushe. Iska da bushewa kuwa su ne hunturu. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, wannan magana ta shafi gidaje da dama.

Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko kusan digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, wani lokaci har ƙasa da haka. Tudun Kubwa bai kai rabin na Jos ba, sanyinta ma haka.

Mu dai wani ɗan littafi ne ya taimake mu. Tun farkon aurenmu nake rubuta duk ranar da ciwo ya tashi, da abin da ya faru kafin ya tashi, da maganin da aka sha, da kwanakin da aka yi a asibiti. Da muka duba shekara biyun ƙarshe, sai muka ga kwanciya bakwai, biyar daga ciki tsakanin Disamba da Fabrairu. Sauran biyun, ɗaya zazzaɓin cizon sauro ne, ɗaya kuma ruwan sama ne ya doke shi a kan babur. Wannan ita ce shawarata ta farko gare ku: kafin ku ɗora wa gari laifi, ku rubuta na tsawon shekara guda aƙalla. Akwai gidan da za su tarar ciwon ɗansu ya fi tashi da damina lokacin sauro, ko lokacin jarrabawa da yaro ke hana kansa barci da shan ruwa. Irin wannan yaro, duk inda aka kai shi ciwon zai bi shi.

Ranar da muka je sanar da surukata, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta dube ni ta ce, "'Yar nan, sanyi da bargo ake maganinsa. To can idan dare ya raba, ƙofar wa za ki buga?"

Na ce, "Hajiya, Allah na nan."

Ta ce, "Yana nan. Amma ta hannun mutane Yake kawo ɗauki."

Ita ce ta yi jinyarsa tun yana goye, daga yadda yake taka ƙasa takan gane ciwo na hanya. A Jos, da zarar ciwo ya tashi, ƙanensa zai kawo mota, yayata ta kwashe yara, Hajiya ta aiko da kunu da farfesu. Idan aka ce a kawo masu ba da jini, abokan ƙuruciyarsa sun san hanyar ɗakin gwaji. Irin wannan hidima kyauta take zuwa, shi ya sa mutane kan manta su sa ta a lissafi.

Duk da haka muka taho, da amincewarta da addu'arta. Ga abin da muka tarar.

Sauƙi dai an samu. Cikin hunturu biyar da muka yi a Kubwa, sau ɗaya aka kwantar da shi. Sai dai ɗumin gari ba shi kaɗai ya yi aikin ba, domin a shekarar da muka zo ne likitansa ya ɗora shi a kan maganin haidiroksiyuriya. Wannan magani yana sa jiki ya ƙara yin irin sinadarin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, wanda ke hana ƙwayoyin lanƙwashewa. Babban gwajin da aka yi a Amurka aka wallafa a 1995 ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi, kuma a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano an yi bincike a kan amfaninsa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Likita ne ke rubuta shi, ana auna jini a kai a kai, kuma mai ciki ko masu shirin haihuwa sai sun tattauna da likita. Ana samunsa a Jos kamar yadda ake samunsa a Abuja. Ke nan akwai sauƙin da ba sai an ɗaure kaya ake samunsa ba.

Zafi ma yana da nasa haƙoran. A Maris da Afrilu rana a Kubwa kan haura digiri 35. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kamar ta kowa, fitsari take ta saki ko da jiki na bukatar ruwan. Ga gumi, ga rashin wuta, sai jini ya yi kauri, ciwo ya tashi. A Maris ɗinmu na farko hakan ta faru da misalin ƙarfe biyu na dare. Ƙofar da na buga ta wata maƙwabciya ce Bagwariya, wadda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta karɓi yara ba tare da tambaya ba, mijinta ya tayar da mota. Da aka bukaci jini, limamin unguwa ne ya yi sanarwa bayan sallar Asuba, mutum uku suka biyo mu. Allah Ya saka musu. Amma mai hankali ba ya jira sai dare irin wannan kafin ya san maƙwabtansa.

Sanyin da aka guda ma yakan riga mutum isowa. Na'urar sanyaya ɗaki a ofis da banki da mota, fita daga rana a faɗa cikinta da jiƙaƙƙiyar riga, wanka da ruwan sanyi don neman sauƙin zafi, duk suna tsuke jijiya kamar asubar Jos. Yanzu maigidana da rigar sanyi yake zuwa ofis ko a tsakiyar bazara.

Masu asma, ku sani ƙurar hunturu tana sauka a Kubwa, ga ta titunan da ba kwalta a cikin unguwanni, ga hayaƙin janareto da na motocin babbar hanyar Zuba. Idan ƙura da hayaƙi ne ke tayar wa yaronku, sauya gari ba lallai ya sauya komai ba. Iyayenmu masu ciwon gwiwa kuwa, ɗumi yana sassauta gaɓa amma ba ya mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Rage ƙiba da motsa jiki sun fi tasiri, kuma dattijon da aka raba da majalisarsa da masallacinsa yakan zauna wuri ɗaya, gwiwar ta ƙara sandarewa.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, akwai abu biyu da ke damuna. Na farko ajiyar magani. Ku duba kwali, akasari an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, insulin kuwa firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ɗakin da ya sha rana ba wuta yakan wuce wannan iyaka, aljihun mota kuma ya fi ko'ina muni. Na biyu shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Mai sikilar da ba shi da mai kai shi asibiti yakan fara jinyar kansa, ya dinga haɗiyar dikilofenak har ƙoda da ciki su taɓu, ko ya koyi yi wa kansa allurar fentazosin har jiki ya saba, cinya ta yi gyambo. Sau da yawa idan na bi diddigin masu zuwa neman wannan allura ba takardar likita, kaɗaici nake tararwa a ƙarshe.

Akwai kuma waɗanda aka bari a baya. A da duk Juma'a ni ke auna hawan jinin Hajiya, in jera mata magungunan mako. Yanzu ta waya nake tambaya, ita kuma kullum amsarta lafiya lau. Daga Kubwa zuwa Jos, ta Keffi da Akwanga da Hawan Kibo, tafiyar awa huɗu ce zuwa biyar idan hanya ta yi kyau. Mutanen Kaduna sun fi mu sauƙi, tunda jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016 yana tsayawa a tashar Kubwa ya kai su Rigasa. Yarana sun fi sanin fuskar kakarsu a waya. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa yanzu kuɗin mota take ci.

To, idan kuna cikin wannan tunani, ga yadda zan so ku bi shi. Ku fara ƙure abin da ke hannunku a inda kuke: tufafi bisa tufafi, safa da hula, wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta fito, toshe kafar taga, shan ruwa ko ba a jin ƙishi, gidan sauro, folik asid da maganin kariya daga maleriya, fanisilin da allurar rigakafi ga ƙananan yara. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Ku tambayi likita game da haidiroksiyuriya. Idan bayan hunturu guda littafinku ya ci gaba da nuna sanyi, to maganar ƙaura ta samu hujja.

Daga nan ku gwada kafin ku sayar da fili ko ku ajiye aiki. Ku ɗanɗani garin a Janairu, ku sake ɗanɗana shi a Maris. Ku lissafa kuɗin haya, wanda a nan na shekara ake biya gaba ɗaya, da la'adar dillali, da kuɗin makaranta, da na zuwa gida. Ku tambaya ko inshorar lafiyarku za ta yi aiki a Abuja. Ku san asibitin da za ku nufa da dare, da inda likitocin jini suke: akwai Babban Asibitin Kubwa a kusa, ga Asibitin Ƙasa a cikin birni, ga Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Ku taho da wasiƙar likitanku mai ɗauke da rukunin jini, da yawan jinin maras lafiyar a lokacin da yake lafiya, da magungunan da ke karɓarsa. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jikin mai sikila, asibiti ake nufa nan take, ko a wane gari ake.

Na ƙarshe, ku amsa tambayar Hajiya kafin ku loda mota. Ku rubuta sunan mutum uku a sabon garin: mai kai ku asibiti, mai riƙe yara, mai nemo jini. Kubwa garin baƙi ne, kusan kowa ya baro nasa a wani wuri, don haka mutane a shirye suke su ƙulla zumunci da wanda ya fara miƙa hannu. Ku je suna, ku je ta'aziyya, ku kai abincin Sallah. Idan kun kasa cika sunaye ukun nan, ku dakata tukuna.

Mu dai har yanzu muna Kubwa, kuma duk ƙarshen shekara mukan buɗe littafin mu sake duba lissafi. Ziyarar Jos mun mayar da ita hutun Afrilu, lokacin da nan ke tafasa can kuma iska ke da daɗi. Ranar da jikin Hajiya ya fi bukatarmu a kan yadda jikin ɗanta ke bukatar ɗumi, mun riga mun yi magana, za mu sayi barguna mu koma.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Sai mako mai zuwa idan Mai duka Ya kai mu.