Gidanmu na Bakin Dogo

Ina tsakiyar tuƙa tuwo Yaya ya kira ni, ya ce an samu mai sayen gidanmu na Malam Madori. Na ce, "To Yaya, Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Na ajiye wayar na yi shiru, har tuwon ya kama ban sani ba.

Gidan ƙasa ne, ɗaki biyar da zaure, da darbejiya a tsakar gida. Kakanmu ne ya gina shi da kuɗin gyaɗa, zamanin da dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, yake kwasar amfanin gonar ƙasar Haɗeja. Muna yara, da mun ji kukan jirgi sai Inna ta ɗora mana tiren dafaffen ƙwai, mu ruga tasha. Da wannan cinikin ta haɗa mini kwanukan aure.

Yau an daɗe rabon da a ji kukan nan. Ciyawa ta rufe dogo, matasa sun watsu Kano da Abuja. Abin da aka taya gidan bai kai kuɗin fili a bayan garin Kano ba.

Ban ga laifin yayyena ba. Shekara biyu ke nan da rasuwar Baba, kuma gado haƙƙi ne, jinkirta shi ba alheri ba ne. Mu biyar ne, maza uku, mata biyu. Inna tana da tumuni, kowane namiji yana da rabon mace biyu. Yaya na fama da kuɗin haya, ɗayan kuma jari yake nema. Shirinsu Inna ta koma wajen Yaya a Kano.

Amma akwai abin da dillali ba ya sa wa kuɗi. A ɗakin Inna na yi wankan jegon fari, kwana arba'in tana dafa mini ruwa da ganyen darbejiyar nan. Da auren ƙanwata ya mutu, nan ta dawo da 'ya'ya biyu, ba wanda ya tambaye ta yaushe za ta tafi. Namiji idan ya ce "gidana", nasa yake nufi. Mu mata kuwa, gidan miji na miji ne, gidan wa na matarsa ne. Wuri ɗaya muke shiga ba da ɗari-ɗari ba.

Na tambayi Inna ra'ayinta. Ta ce, "Ni dai kada ku ɓata zumunci a kaina." Tana faɗa tana kallon turmin da ta yi shekara arba'in tana daka a ciki.

Daren nan ni da ƙanwata muka zauna da biro. Tumunin Inna da rabonmu mu biyu ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku na gidan. Idan na ɗora kwasar adashina, ita ta sayar da 'yan kunnenta, za mu iya riƙe ɗaki biyu da darbejiyar, a ja katanga, a fasa ƙofa ta gefen dogo. Sauran su sayar, kowa ya karɓi haƙƙinsa.

Na faɗa wa Yaya muryata na rawa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Bari in yi magana da sauran."

Ranar Juma'a za a zauna a zaure. 'Yan uwana mata, ku sa mu a addu'a.