Mu Leƙa Monako, Garin Da A Ke Hayar Ruwan Teku

Mai karatu, ka san hayar ɗaki, ka san hayar rumfa a kasuwa, wataƙila ma ka taɓa karɓar hayar gona. To, a wannan wata za mu kai ka wani gari inda a ke auna ruwan teku da mita, a ba da shi haya. Sunan garin Monako. Yana bakin Bahar Rum, Faransa ta kewaye shi ta gefe uku, iyakar Italiya kuma ba ta da nisa.

Monako ƙasa ce mai mulkin kanta, ko da ya ke faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2 da ɗan ɗori ba. In ban da Batikan, babu ƙasar da ta fi ta ƙanƙanta a duniya. Mazaunanta wajen 38,000 ne, amma 'yan ƙasa na ainihi kamar kashi ɗaya ne cikin huɗu. Sauran baƙi ne, da yawansu attajirai, gama tun 1869 aka daina karɓar haraji a kan abin da mazauna su ke samu. Faransawa ne kaɗai wannan sauƙi bai shafa ba, bisa ga wata yarjejeniya ta 1963. Zuriyar Grimaldi ce ke sarautar wurin. Sun fara kama shi a 1297, Yarima Albert na Biyu kuwa ya hau gadon ubansa a 2005.

Daga birnin Nis na Faransa za mu shiga jirgin ƙasa. Tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba. Tashar Monako a cikin dutse ta ke, sai mutum ya bi ta wani dogon rami kafin ya ga rana. Da fitowa sai ga tashar ruwa shimfiɗe a gabanka, wadda a ke kira Port Hercule. Ta wannan gefe akwai dutsen da fadar Yarima ta ke bisansa, ta wancan gefe kuma tudun Monte Karlo da sanannen gidan cacarsa. Tsakaninsu fararen jirage ne jere, kafaɗa da kafaɗa, kamar dawaki a ƙofar fada ran hawan salla.

Waɗannan jirage ba su ɗaukar kaya, ba su kuwa kamun kifi. Na shan iska ne kawai. Wani bai fi mita 10 ba, wani ya wuce mita 100, watau tsawon filin ƙwallo, da ɗakunan kwana, da wurin wanka, da ma'aikata masu fararen riguna suna ta goge-goge tun da sassafe.

Mai doki ya san sayen doki ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Sai an nemi turke, da harawa, da ɗan barga. Haka jirgin ruwa ya ke. Masu wannan sana'a su kan ce mai babban jirgi ya shirya kashe wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin sayensa kowace shekara, domin albashi, da mai, da gyara, da inshora, da kuɗin turke. Turken nan shi ne gurbin da a ke ɗaure jirgi a tasha, shi ne kuwa abin da ya kawo mu.

Ga yadda a ke lissafinsa. Da fari a kan auna tsawon jirgi da faɗinsa, a sa shi a ajinsa. Kowane aji da farashinsa, daidai ruwa daidai tsaki. Jirgi mai gindi biyu ya kan biya fiye da ɗan'uwansa, domin ya fi cin wuri. Sai kuma a duba lokaci. Kuɗin watannin zafi, sa'ad da Turawa ke hutu, ya ɗara na watannin sanyi ƙwarai. Ana iya biya na kwana, ko na wata, ko na shekara. Wutar lantarki da ruwan famfo da jirgi ya sha daga bakin tasha, lissafinsu dabam ne. Saboda ƙarancin wuri ma ba a barin jirgi ya jingina da gefensa. Da baya ya ke shiga, a ɗaure gindinsa ga dakalin tasha, goshinsa yana duban teku. Ta haka gaɓar da za ta ɗauki jirgi ɗaya ta kan ɗauki huɗu ko biyar.

Port Hercule tana da gurbi wajen 700, ƙaramar tashar Fontvieille da ke bayan dutsen fada kuma wajen 275. Masu nema sun fi haka nesa, don haka mai son gurbi na shekara ya kan rubuta sunansa ya yi ta jira.

Akwai mako guda da kuɗin ke tashi kamar farashin rago gab da salla. Tun 1929 a ke tseren motoci a kan titunan Monako, hanyar tseren kuwa tana bi ta bakin tashar nan. Wanda jirginsa ke jeri na gaba yana zaune a bisa bene zai ga motoci suna wucewa a gabansa. A ƙarshen watan Mayu aka saba yi, amma daga 2026 an mayar da shi farkon Yuni. A wannan mako gurbin babban jirgi a jeri na gaba ya kan wuce Yuro 100,000. Haka kuma a watan Satumba a kan cika tashar da jiragen sayarwa, a wata kasuwar nuni da aka fara a 1991.

Wataƙila ka ce, teku ba ga ta nan da faɗi ba? Me zai hana mutum ya jefa anka a waje ya kwana kyauta? Dalili biyu ne. Na ɗaya, iskar gabas in ta taso ta kan turo raƙuman ruwa masu ƙarfi, jirgin da ba shi da mafaka kuwa yana cikin hatsari. Na biyu, a ƙarƙashin ruwan gaɓar nan akwai wata ciyawa da a ke kira posidoniya. A cikinta kifi ke ƙyanƙyasa, ita ce kuma ke riƙe yashin gaɓa. Girmanta a shekara 'yan santimita ne kawai, anka da sarƙar babban jirgi kuwa su kan tumɓuke ta cikin dare ɗaya. Saboda haka tun 2020 hukumomin Faransa suka hana jirgin da ya wuce mita 24 jefa anka a kanta a wurare da yawa. Dokar ta yi wa kifi rana, ta kuma ƙara yawan masu neman gurbi a tasha.

Mutanen Monako ba su zauna sun naɗe hannu ba. Da ƙasa ta ƙare musu sai suka shiga cike teku. Unguwar Fontvieille duka a kan ruwa aka kafa ta a zamanin Yarima Rainier na Uku, wata sabuwa kuma mai suna Mareterra, mai hekta 6, an buɗe ta a Disamba 2024. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne katangar da ke tare raƙuman ruwa a bakin Port Hercule. Ruwan wurin ya yi zurfi da yawa, ba shi cikuwa. Sai aka gina katangar kankare mai tsawon mita 352 can a Aljesiras ta ƙasar Sifen, aka jawo ta bisa ruwa har Monako a 2002, aka ɗaure ta da sarƙoƙi. Tana shawagi har yau, a cikin cikinta kuwa akwai wurin ajiye motoci. Duk da haka wuri bai isa ba. A 2021 kamfanin tashoshin Monako ya buɗe wata tasha mai gurbi 178 a Bentimiliya, cikin ƙasar Italiya, domin jiragen da suka rasa turke a gida.

A maƙwabta ma haka zancen ya ke. A Faransa bakin teku na hukuma ne, ba mai iya sayen gurbi ya zama nasa har abada. Iyaka a ba mutum izinin amfani na wasu shekaru, doka kuwa ba ta yarda ya wuce 35 ba. A babbar tashar garin Antib irin wannan izini da aka ba da tun da daɗewa ya ƙare a ƙarshen 2021, masu jirage da yawa suka koma neman sabon sharaɗi.

Kafin mu tafi, mu zaga can gefe inda 'yan ƙananan kwale-kwalen katako su ke, masu tsini gaba da baya. Irinsu ne masuntan gaɓar nan suka yi ta amfani da su tun kakanni. Dā Monako garin masunta ne, yau kuwa sana'ar ta kusa ɓacewa a can. Gurbin da kwale-kwale biyar za su shiga, jirgin attajiri ɗaya zai biya ninkin abin da su duka za su iya biya. In hukuma ba ta keɓe wa ƙananan wuri da farashi mai sauƙi ba, ba su da ta cewa.

Da yamma za mu koma tashar jirgin ƙasa, za mu kuwa tarar da ita cike. Fiye da mutum 40,000 ne ke shigowa Monako aiki kowace rana daga Faransa da Italiya, magina da masu dafa abinci da masu shara da masu gyaran jirage. Yawancinsu ba su iya biyan hayar ɗaki a garin da su ke wa aiki, sai su kwana a wata ƙasa su dawo da safe. In ka sami wuri kusa da taga, ka duba teku bayan an fito daga ramin. Za ka ga fitilun jiragen da ba su sami gurbi ba, suna tsaye can waje suna jira.