Maganin Ƙasar Sin da Ciwon Kakana

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in yi magana a kan magungunan gargajiya na ƙasar Sin da ake sayarwa a kasuwanninmu, musamman waɗanda ake ba masu shanyewar ɓarin jiki don rage wani sinadari na jini mai suna yurik asid. Maganar ta shafe ni ƙwarai, domin kakana na wajen uba yana cikin masu wannan lalura.

Bara da damina hawan jini ya kayar da shi, ɓarinsa na dama ya shanye. Aka sallamo shi daga asibiti da ƙwayoyi iri biyu, ta hawan jini mai sa yawan fitsari, da kuma asfirin. Da na je hutu sai na tarar babban yatsansa na ƙafa ya kumbura suntum, ko mayafi ba ya so ya taɓa wurin. Gwajin jini ya nuna yurik asid ya yi masa yawa. Ana cikin haka wani ɗan'uwanmu ya kawo kwalin shayin ganye daga kasuwa, duk rubutun jikinsa na Sinanci ne. Nan fa gida ya rabu biyu. Wasu suka ce ai ganye ne, in bai yi magani ba, ba zai cutar ba. Mahaifina kuwa ya ɗauki kwalin ya kai wa likita. Likita ya ce a ajiye shi tunda ba a san abin da ke ciki ba. Ya sa aka gwada ƙoda, ya sauya ƙwayar hawan jinin, daga baya ya ƙara wata mai suna alofurinol, ana sha kaɗan-kaɗan.

Da muka dawo makaranta na tambayi malaminmu na ilimin halittu dalilin haka, na kuma duba littattafai a laburare. Ashe yurik asid dattin jiki ne, wanda ƙoda ke fitar da mafi yawansa ta fitsari. Hanta da sauran kayan ciki, da jan nama, da giya, da lemon kwalba mai zaƙi, duk suna ƙara shi. In ya haura miligiram 7 cikin kowane mililita 100 na jinin namiji, ya yi yawa, yana iya daskarewa a gaɓa kamar ƙananan allurai. Abin mamaki, ƙwayar hawan jini mai sa fitsari da asfirin su ma suna ɗaga shi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa yake damun masu shanyewar ɓarin jiki.

Su kuwa Sinawa, maganin gargajiyarsu ba abin rainawa ba ne, gama a rubuce yake tun zamani mai tsawo. Wani masaninsu, Li Shizhen, ya kammala wani babban littafi a 1578, inda ya bayyana magunguna 1,892. Don ciwon gaɓa mai zafi da kumburi suna da haɗi mai suna Simiao, wato abubuwa huɗu masu ban al'ajabi: saiwoyi biyu, da ɓawon wata bishiya, da wata tsaba. Ɗaya daga cikin saiwoyin ma 'yar'uwar ƙaimin ƙadangare ce da ke fitowa a bayan gidajenmu. Binciken da aka yi a Sin ya nuna haɗin yana rage yurik asid ga wasu majinyata, sai dai yawancin binciken a kan mutane kaɗan aka yi shi. A asibitocinsu kuma likita ne wanda ya yi karatun abin yake duba majinyaci, ya rubuta masa haɗin da awonsa.

To, ina haɗarin yake? Mai shanyewar ɓarin jiki yawanci yana shan maganin hana jini daskarewa. Akwai saiwoyin Sin guda biyu sanannu, danshen da danggui, waɗanda in aka haɗa su da irin wannan magani, musamman wafarin, sukan jawo zubar jini. Idan jinin ya zuba a ƙwaƙwalwa, an gudu ba a tsira ba ke nan. Na biyu kuma ita ce ƙoda. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, an ba mata maganin rage ƙiba wanda aka musanya wata saiwar Sin da wata mai guba a cikinsa. Fiye da mata 100 suka kamu da ciwon ƙoda, wasu har sai da aka yi musu dashe. Mai yawan yurik asid kuwa da ƙodarsa yake taƙama.

Kada a ce ina kushe ganye. Wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta sun tace maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani ganye dangin tazargade a 1972, har aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Mu da ke kwana cikin sauro a ɗakunan kwananmu mun san amfaninsa. Amma sai da aka san sunan ganyen, aka auna, aka gwada, kafin aka ba jama'a.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, duk maganin da aka kawo wa majinyaci, na Sin ne ko na gida, a nuna wa likita tukuna, kuma kada a daina na asibiti saboda shi. Mu kuma ɗalibai, in mun je hutu mu duba wa tsofaffinmu kwalayen magani, mu ga ko akwai lambar hukumar NAFDAC, da jerin abin da ke ciki, da ranar lalacewa. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.