Littattafan da Suka Raine Mu a Gude

A Gude, zamanin da muke tasowa, littafin hikaya ba shi da ubangida. Wani ne dai zai saye shi a Kano, a Bata ko Kasuwar Rimi, ya cusa a aljihu, ya hau mota a Kabuga ya sauko da shi gida. Daga ranar ya zama na gari. Yau yana wannan unguwa, gobe yana waccan, jibi an ce wani ɗan makaranta ya wuce da shi Garo. Kafin ya zagayo kanka bango ya tafi, shafin ƙarshe ya bi shi, sai wanda ya riga ka karantawa ya ƙarasa maka da baki. In kuwa ka yi rashin sa'a mai ƙarin gishiri ne, to, ka ji ƙarshen da marubucin ma bai san da shi ba.

Farkon shekarun 1990 nake ba da labari. Littattafan da makaranta ta yarda da su daban, waɗanda ake ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma daban.

Na makaranta kowa ya san su: Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, Iliya Ɗan Maiƙarfi. Malaminmu na Hausa yana da abin alfahari guda da ba ya gajiya da maimaitawa, wai cikin littattafai biyar da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar, a ƙarƙashin Rupert East, ɗaya na maƙwabcinmu ne, Malam Muhammadu Gwarzo, mai Idon Matambayi. Mun karanta shi da zumuɗin 'yan gida, mun sha dariyar dabarun ɓarayi, amma ba littafin da yaro zai ga kansa a ciki ba ne. Haka Ruwan Bagaja. Alhaji Imam ya fita da wayonsa, ya komo da wayonsa. Duniya ya zagaya, ba girma ya yi ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne ya fara taɓa mu a wani wuri daban. Ga yaro maraya daga Kagara, an sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi, can ya yi karatu har ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar ilimi wurinsa a Rauta. Na karanta shi da ƙarfi a ƙofar gida wani dare na hunturu, muna jin ɗumi. Akwai wani tsoho, ƙanen kakanmu, da muka ɗauka gyangyaɗi yake yi. Da aka zo inda uwar Umar ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ita ma aka bautar da ita, sai ya ɗago kai ya ce, "Jikana, dakata. Wannan ba tatsuniya ba ce." Ya shiga ba mu labarin da ya ji daga bakin kakarsa, na shekarun da mahara kan faɗo wa ƙauyukan yammacin Kano, mutum ya tafi gona ba a sake jin ɗuriyarsa. Daren nan ba mu koma kan littafin ba.

Sai dai in faɗi gaskiya, Umar ya cika kirki. Bai taɓa yin ƙarya ba, bai taɓa hassada ba, duk abin da ya same shi haƙuri ne amsarsa. Ɗan shekara goma sha uku zai girmama shi, amma ba zai iya abota da shi ba. Uwar ita ce mutum a littafin.

Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo kuwa, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, shi ne littafin da iyaye za su rubuta da sun iya. Ibrahim ya raina ƙauye, ya tafi birni, ya faɗa cikin miyagun abokai, ya sha wuya, ya gane gida ya fi. Yayyenmu masu shirin ci-rani suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka karance shi tas, da aka gama kaka aka kai dawa rumbu suka ɗaure kayansu suka nufi Kano, wasu har Ikko. An rubuta shi don a tsorata mu da birni, su kuwa sai suka ɗauke shi jagorar abin da za su kauce wa in sun isa. Ban ga wanda ya fasa tafiya saboda shi ba.

Na ƙarƙashin tabarma su ne waɗanda daga baya masana suka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya iso mana ba da jimawa da fitowarsa a 1991 ba, kuma sai da 'yan matan unguwarmu suka yi kwanaki suna musu kan faɗawar Sumayya rijiya, ko so ne ko wauta. Amma wanda ya tsaya mini a rai har yau shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990.

Yayata ce ta samo shi, 'yar Baffana, wadda aka cire daga firamare tun ba ta gama ba, aka kuma sa ranar aurenta bayan kaka. Tana iya haɗa baƙi, amma a hankali, kuma littafin aro ne. Bayan sallar isha ta leƙo zaure ta ce, "Ƙanena, zo ka ara mana idonka." Na tarar da matan gida sun kewaye fitilar ƙwai suna ɓarar gyaɗa. Aka ba ni wuri kusa da haske.

Labarin Abu ne, yarinyar ƙauye mai son karatu. Mahaifinta ya raba ta da makaranta. Ɗan'uwanta Amadu, wanda aka yi musu alkawari, ya je birni ya yi boko ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, sa'an ubanta. Ta gudu Kano wurin 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu da girmanta, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ba daga nesa ta hango abin ba. Ita ma, duk da kasancewarta ƙanwar Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙaramar yarinya, sai daga baya ta nemi ilimi ta ajin manya.

Ina karatu ina jiran in ji an tsine wa Sarkin Noma. Shiru. Gwaggo ma cewa ta yi, "Wannan ai tsoho ne, an ba shi ya karɓa." Amma da Amadu ya buɗe baki, sai hannuwa suka tsaya da ɓara. Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ce, "Da wa ya yi noman da aka biya masa kuɗin makarantar? Da wa ya daka masa furar?" Ɗakin ya kaure. Kowace tana da Amadunta: wani ɗan ƙane, wani ɗan maƙwabci, wanda aka tara masa kuɗin mota da kuɗin ƙuli-ƙuli da na kitso, ya dawo yana toshe hanci. Ni kaɗai ne namiji a wurin, ni kaɗai ne ɗan boko, kuma ba wadda ta dube ni. Gara a ce sun duba.

A dare na gaba hayaniyar ta kai kunnen Baffa. Ya yi gyaran murya daga tsakar gida, ya kira ni. "Kai, mene ne wannan kake karanta wa iyayenka?" Na durƙusa na ce, "Baffa, littafi ne, na aro." Ya juya shi gaba da baya, shi mutumin allo ne da ajami, boko bai dame shi ba. Ya ce a mayar wa mai shi da safe. Bai yi faɗa ba. Mun ƙarasa shi da rana a gidan Gwaggo, lokacin da maza ke gona.

Littafin bai hana komai ba. An yi bikin Yaya a ranar da aka sa, aka kai ta wani ƙauye ta wajen Getso. Abin da na sani shi ne, da 'yarta ta fari ta gama firamare aka fara zancen manema, ita ce ta tsaya kai da fata sai yarinyar ta yi sakandare, kuma ta yi. Ban taɓa tambayarta ko Abu ce ta sa ba.

A cikin ukun nan, Shaihu Umar ya fi daɗin harshe, Kitsen Rogo ya fi kusa da zancen iyaye, amma Wa Zai Auri Jahila? ne kaɗai yarinyar cikinsa ta zaɓi hanyarta da kanta kuma ba a hukunta ta a kan zaɓin ba. Shekara da shekaru ana kiransa littafin mata. Malaman Hausa na makarantun Kabo da Gwarzo, in kun samu kwafinsa, ku fara miƙa wa samarin aji uku.